Lambobin da Na Kankare

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Daga mahaifinki, Isuhu mai gyaran rediyo a Tasawa, zuwa ga ƴata Rakiya, wadda bakina bai taɓa iya kama sunanta ba sai dai in ce Uwani, don sunan mahaifiyata ta ci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki zaune lafiya a kujerarki, motar Yamai ta riga ta bar gari. Allah ya naɗe miki hanya, ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da gangancin direba, ya sauke ki a hannun mutanen kirki. Innarki ce za ta cusa takardar a jakarki tare da ƙullin kilishi, na kuma ce kada ta faɗa miki sai kin sa ƙafa a mota.

Na san za ki yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, tsakanin ƙofar ɗakinki da tawa bai fi taku goma ba, ga shi na zauna ina rubuta miki takarda kamar wanda ke Makka. Labarin gida ba zan ba ki ba, kin fi ni saninsa. Magana ɗaya ce tsakanina da ke, wata biyu ke nan tana kwance. Kin yi wa na'urorin makarantar garin Cake gyara, kika ce za ki aika gyaran ga masu kula da Linux, manhajar da ke tafiyar da na'urorin, a saka shi inda duk duniya za ta ɗauka kyauta. Ni kuma na ce in kika aika ban yafe ba. Tun ranar kina gaishe ni a durƙushe, kina ajiye mini ruwan alwala, amma ƙafarki ba ta sake taka shagona ba. Gyaran yana nan cikin ƴar kilen ajiyar bayanai da kike ratayawa da makullanki, ba ki aika ba, don ke ƴa ce mai tsoron bakin uba. Ba na son ki fara sabon aiki a Yamai da wannan kalma rataye a wuyanki, ba ki ma san daga ina ta fito ba. Sau uku ina zuwa ƙofarki in juya. To ga alƙalami, sai ki yi haƙuri da ni, don sai na bi ta nesa kafin in iso.

Ina da shekara goma sha bakwai aka kai ni Maraɗi wurin maigida Alasan koyon gyaran rediyo. Allah ya ji ƙansa, gwani ne, da kunne kawai yake gane inda ciwon rediyo yake. Amma duk lokacin da aiki ya zo daidai wurin da ake koyo, sai ya juya mini baya, ya baza hannun rigarsa ya rufe tebur. In ya ga na miƙa wuya sai ya ce, "Isuhu, tahi ka sawo mini goro. Hwari hwa, ba ja ba." Kafin in dawo ya ɗaure murfi, rediyo tana waƙa. Goron da na sawo wa mutumin nan cikin shekara huɗu ya isa a ɗaura aure goma. Da na gaji sai na samo tsohon madubin babur na ɗaure a jikin ginshiƙin rumfa, na karkata shi yadda ina shara ina kallon hannunsa. Rabin abin da na iya a madubi na koye shi. Shi ya sa har yau, in kin lura, da hagu nake riƙe ƙarfen dalma alhali ni ba bahago ba ne.

Ranar da na bar shi na rantse a raina ba zan yi wa kowa haka ba. Ban cika shekara da buɗe nawa shago a Tasawa ba na tsinci kaina ina juya wa maƙwabcina mai gyaran agogo baya, don kawai ya leƙo yana tambaya. Ban ma san lokacin da na koyi juyin ba.

Kin ce mini mutanen nan na Linux a fili suke aiki, kowa yana ganin abin da kowa ya rubuta, har kuskurensa da ranar da ya yi shi. Na daɗe ina jinjina abin nan. Yanzu ke ce ƙarama a cikinsu, za ki yi tambaya a amsa miki da gatse, ko a yi banza da ke sati biyu. Ki haɗiye, ba za ki mutu ba. Abin da nake ji miki tsoro yana gaba. Wata rana ke ce za ki zama wadda ake tambaya. Wani zai turo tambayar da a wurinki wauta ce, da Faransanci mai ɗingishi, daga wani gari da ba ki taɓa jin sunansa ba, ke kuma kina cikin aiki. Ranar ki tuna yadda kike ji yanzu, ki zauna ki amsa masa har ya gane.

Labari na biyu ya fi nauyi, ban kuma taɓa ba ki shi duka ba. Kin san kowace ƴar ƙwaya da ke cikin rediyo da lambarta a rubuce a bayanta. Da lambar nan mai gyara ke sanin mece ce, ya nemo irinta. To mu a zamaninmu, in ka gyara wa mutum rediyo, sai ka sa reza ka kankare lambobin manyan ƙwayoyin kafin ka rufe, ka rubuta su a kayenka, wato ɗan littafinka, da alamar da kai kaɗai ka sani. Duk wanda ya buɗe bayanka sai ya tarar da baƙaƙen ƙwayoyi babu suna. Dole mai rediyo ya dawo wurinka. Ba ni na ƙirƙiro ba, amma na ƙware, har yabon kaina nake yi ban taɓa barin ko rabin harafi ba.

Lokacin ina ɗaure akwati a bayan babur in bi kasuwanni, Mayahi, Atantane, har Isawane. A kasuwar Isawane na san Buba, Bafillace mai shanu, dogo mai sanyin magana. Rediyonsa ƴar ƙarama ce cikin rigar fata da matarsa ta ɗinka mata, a kafaɗa yake rataye ta tare da gorar ruwa. Duk zuwana sai ya kawo mini nono a ƙwarya, ko da gyara ko babu. Ana gab da damina ya kawo ta tana shaƙewa. Na canza ƙwaya ɗaya, na kankare uku kamar yadda na saba, ina yi muna hira, nononsa yana gefena. Ruwa ya sauka, manoma suka shuka, ya kora shanunsa arewa shi da iyalinsa, ya bar tsohuwarsa wurin ƴan'uwa kusa da Isawane don ba ta iya doguwar tafiya.

A can rediyon ta mutu. Ya kai wa wani mai gyara a wata kasuwar arewa, mutumin ya buɗe, ya duba, ya rufe, ya ce wanda ya taɓa ta ba ya son kowa ya sake taɓa ta. Wata uku Buba ba ya jin komai sai kukan shanu. Cikin watannin nan tsohuwarsa ta kwanta ciwo, ƴan'uwa suka sa sanarwa a rediyo ana neman sa, aka yi kwanaki ana maimaitawa. Ta rasu, aka sake sanarwa. A lokacin babu wayar hannu, rediyo ce kaɗai ke bin makiyayi daji. Sai da kaka ya dawo ya tarar da kabari har ciyawa ta bushe a kansa.

Ya same ni ranar kasuwa, ya ajiye rediyon a kan akwatina. Bai ɗaga murya ba.

"Isuhu, an ce da gangan anka goge. Gaskiya ne?"

Na ce, "Haka sana'ar take, Buba."

"To mi na yi maka?"

Na buɗe kaye, na duba alamata, na ɗauko ƙwayar. Kafin mai shayin da ke kusa da ni ya juye na farko, rediyo ta fara magana. Na miƙa masa. Ya dube ta ya ce, "Riƙe ta. Abin da za ni ji da ita ya wuce." Ita ce rediyon nan mai rigar fata da ke saman kanta, wadda kina ƙarama kike tambaya ta wace ce, in ce miki ta wani baƙo.

Da zan ce miki daga ranar na jefar da reza, da na yi ƙarya. Na daina yi wa makiyaya, na ci gaba da yi wa mutanen gari, ina gaya wa kaina ai su ba inda za su. Sai da rediyoyi suka koma irin waɗanda ba a gyarawa sannan halin ya bar ni, ba ni na bar shi ba. Don haka, Uwani, duk abin da za ki rubuta, ki rubuta shi don mutumin da ba za ki taɓa gani ba, wanda zai buɗe shi ranar da ba a samun ki. Ki bar masa bayani a gefe: na yi kaza saboda kaza. In akwai wurin da ke kanki ba ki tabbata ba, ki rubuta cewa ba ki tabbata ba, ya san inda zai fara dubawa.

Na uku kin san rabinsa, don ke kika tona shi. Kina ƴar lakwal, a firamare, aka kawo wa wani ofishi a Mayahi kyautar tsofaffin ordinatar, wato kwamfuta, guda bakwai, da Linux a kansu. Aka kunna, rubutu ya yi ta gudu a ekran, gilashin da ke nuna hoto, sai ya yi baƙi ƙirin. Aka ce a kira Isuhu na Tasawa, ai shi ya san waya. Na je da babbar riga. Na buɗe ta farko, na hura, na shinshina, na ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Wallahi ban gane komai ba. Amma ga sakatare a tsaye, ga shugaban ofis, ga masu leƙe ta taga, kowa yana jiran bakina. Abin da ya kamata in ce shi ne ban sani ba. Sai na gyara hula na ce, "Kat ɗin hotonsu ya ƙone, duka bakwai. Zahin ƙasarmu ne." Kowa ya gyaɗa kai, don babu mai musun zafi a Mayahi. Aka kwashe su aka jibge a sito, aka sawo mini lemo mai sanyi.

Shekara goma sha uku suna kwance. Kika zo hutu daga jami'a, kika ji labarin a bakin innarki, kika nace sai mun je. Tsohon mai gadi ya buɗe mana sito. Kika goge ta farko, kika soka kilenki, kika kunna. Na tsaya a bayanki ina shirya abin da zan ce in ta ƙi. Rubutu ya yi gudunsa, ekran ya ɗan yi duhu, sai ga hoto tangaran, shuɗi da fari. Kika yi tsalle kina cewa, "Sa marsh, Baba! Sa marsh!" Wato tana aiki. Biyar suka tashi a ranar. Mai gadin ya dube ni ya ce, "Ashe ba mutuwa sunka yi ba, Malam Isuhu, suma ce?" Na yi dariya tare da shi, amma da ƙasa za ta tsage da na shige. Ofishin ya ce ya riga ya sami sababbi, aka ba kolejin Cake biyar ɗin. Biyun da suka rage muka kawo shago, na canza musu ƙwayoyin da suka kumbura, su ma suka tashi.

A mota muna dawowa kika yi mini bayani. Kika ce kat ɗin hoto, wato faifan da ke fitar da hoto a ekran, yarensa daban, na'ura yarenta daban, pilot kuma shi ne rubutun da ke tsayawa a tsakaninsu kamar tafinta a gaban alƙali. Kamfanin da ya ƙera kat ɗin ya ƙi faɗa wa kowa yarensa. Sai wasu mutane a ƙasashe daban-daban, da yawansu bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su, suka riƙa tura wa kat ɗin magana ɗaya-ɗaya suna rubuta abin da ya amsa, shekara da shekaru, har suka haɗa yaren, suka rubuta nasu pilot suka sake shi ga kowa. Ranar da na yanke wa na'urorin hukunci ba su gama ba. Ranar da kika kunna sun gama. Kika ce yanzu abin ya ci gaba, wasu kamfanonin da kansu suke fito da takardunsu, har su ɗauki masu rubuta pilot aiki, sabon kat ya fito ba a daɗe ba ya yi aiki a Linux, ko da yake wasu har yanzu rabin ƙofa suke buɗewa. Ina jin ki ina kallon gonakin gero ta taga. Ban faɗa miki ba, amma a labarin nan na ga kaina wuri biyu. Ni ne mai madubi, ni ne kuma kamfanin.

Ki koyi cewa ban sani ba tun kina da ƙuruciya, don in an girma harshe ba ya lanƙwasuwa. In na'ura ta ƙi, ki faɗi abin da idonki ya gani kawai: na danna kaza, ta yi kaza, a kan irin kat kaza. Kada ki yanke wa abu hukuncin mutuwa don mutane suna tsaye suna kallon ki. Akwai yaran da suka shiga makaranta suka fita cikin shekarun nan ba su taɓa aza yatsa a kan ordinatar ba, saboda kunyar minti ɗaya da na ƙi ji.

Sai kuma abin da na yi washegarin dawowarmu daga Mayahi a majalisa, kina wucewa da buta kika ji. Na ce wa abokaina, "Mun tashe su." Mun! Ni da na binne su. Murmushi kawai kika yi, murmushin kuma ya fi zagi zafi. Kin ce a wurin mutanenku in an aika gyara akan rubuta sunan wanda ya fara ganin matsalar da wanda ya gwada. Al'ada ce mai kyau, ki riƙe ta ko a inda ba a tilasta miki ba.

Akwai wani ƙarami, innarki ta ce in ban saka shi ba ba za ta saka takardar a jaka ba. Fankarta. Shekara shida tana jingine a bayan ƙofa, kullum ina cewa gobe, don kullum akwai sabon abu a shago, sabon abu kuma ya fi daɗin buɗewa. Ta kan ce, "Kowa a Tasawa ka gyara mishi nashi, ni da ke tuƙa maka tuwo ina hihita da muhuci." Ranar da na buɗe ta, waya ɗaya ce ta tsinke. Kin faɗa mini masu Linux sukan cire tsohon pilot in an daɗe ba a ji mai amfani da shi ba, don babu mai gwada shi. Ban ga laifinsu ba, ba duba suke yi ba. A Yamai za ki ga sababbin kat masu fanka uku a jikinsu, za su ɗauke miki hankali, ki kuma koye su da kyau, nan aikin yake tafiya. Amma in kika ga an tambaya ko akwai mai amfani da wannan tsohon, kada ki yi shiru don jin nauyi. Ki ce akwai, aji guda, a wani gari Cake, a kan hasken rana. Ki ajiye tsohuwar na'ura ɗaya a ɗakinki ki riƙa gwada musu. Na ware miki ɗaya cikin biyun da ke shago, zan aiko da ita a motar kaya.

Yanzu na iso.

Na'urorin Cake a kan pano na hasken rana suke, batir kuma ba ya kai la'asar in an bar su kunne, don haka ake sa su barci tsakanin aji da aji. In an tashe su sai ekran ya ƙi dawowa, sai an kashe gaba ɗaya, abin da ɗalibai suka rubuta ya tafi. Mushe Lawali, kamar yadda ɗalibai ke kiran malamin da ke kula da su, ya kira ki. Damina guda kika yi a kan abin nan. Kika bi motar kasuwa kika je kika gani da idonki, sannan kika dawo kika zauna a shagona, a kan bencin da babu mai zama tun da kasuwar rediyo ta mutu. Ke kina karanta rubutun pilot, ni ina riƙe da mita ina faɗa miki lokacin da wuta ta iso kat. Uwani, shekara arba'in ina sana'a ban taɓa jin daɗinta kamar watannin nan ba. Rannan da hantsi kika ce, "Baba, na gan shi. Pilot na yi ma kat magana tun bai gama tashi ba." Kika sauya layi kaɗan, ba su cika tafin hannu ba. Muka sa ta barci muka tashe ta sau talatin, kowane tashi hoto yana dawowa.

Bayan sati biyu takardar aikin Yamai ta zo. Ranar bayan la'asar, kina naɗe waya, kika ce za ki aika gyaran. Na ce don me.

Kika ce, "In ban aika ba, Baba, gyaran nan na'urorin Cake kaɗai ke da shi. Kuma duk sadda Mushe Lawali ya sabunta su, sabon pilot zai hau kan nawa ya shahe shi. Sai na dawo na sake. In kuwa sunka karɓa, ya shiga ciki ke nan, ko ina nan ko ba ni nan."

Na ce irin na'urorin nan sun cika makarantu da ofisoshi daga nan har Damagaram, ke kaɗai kika san maganinsu, wa ke zubar da sana'arsa a titi? Kika ce a hankali, "Baba, so kake in kankare lamba?" Raina ya ɓaci, idona ya rufe. Na faɗi abin da na faɗa.

Wata biyu ina gaya wa kaina sana'a nake kare miki. Shekaranjiya innarki tana tankaɗe, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Malam, wace sana'a? Yarinya ta samu aikinta. Kai dai ka ji ta ce sai ta dawo, shi ke nan ka kama." Na tashi na fita, na zaga kasuwa sau biyu ba abin da zan saya.

Gaskiya ta faɗa. Duk bayanin da kika yi, abu ɗaya kunnena ya ɗauka: sai na dawo. Nan take na ga Mushe Lawali yana kiran ki duk bayan wata uku, na gan ki kina sauka a tasha, kina kwana biyu a gida kafin ki wuce Cake, kina zama a bencin nan kina ce mini in riƙe mita. Ban tuna da ɗaliban da za su zauna gaban baƙin ekran suna jiran motar Yamai ba, balle na wasu garuruwan da ba su san sunanki ba. Tsoro nake ji, Uwani. Ƴaƴan mutane nawa suka tafi Yamai, shekarar farko su zo salla biyu, ta biyu su zo ɗaya, ta uku sai murya a waya. Na so in bar wani abu a lalace a nan don ya riƙa jawo ki. Na yi haka ga wadda na fi so a duniya, na kuma yi shi da bakin uba, wanda na san ba za ki iya tsallakewa ba. Wannan ba ni da shawarar da zan ɗora a kansa. Ki dai gan shi yadda yake.

To ki ji da kyau, ki kuma ajiye takardar nan shaida. Na janye maganata. Na faɗa jiya bayan azahar a gaban innarki da kawunki Sani, sun ji da kunnensu. Babu bakina a kanki, ko kaɗan. Na yafe miki duniya da lahira, ko da yake na duba ban ga abin yafewa ba. Ke ce za ki yafe mini wata biyun nan.

Ki aika. Kada ki jira ki huta, kada ki kira ni tukuna don ki ji ko da gaske nake. In kin sauka kin sami rezon intanet mai ƙarfi, ki aika, sannan ki kira. In sun dawo miki da shi sun ce ki gyara nan da can, kin ce haka suke yi wa kowa, ki gyara ki sake turawa ko sau nawa ne. Ranar da ya shiga ki gaya wa Mushe Lawali, ya sabunta na'urorinsa ba fargaba.

Na san abin da nake sa wa hannu. Daga ranar da suka karɓa babu makarantar da za ta neme ki, babu abin da ya lalace a Tasawa ko Mayahi da zai sa ki hau mota dole. In kin zo, don mu kika zo. In aiki ya riƙe ki, ba ki da laifi. Zan ji kewa, zan kuma iya da ita.

Innarki tana gaishe ki, ta ce ki ci abinci a kan lokaci, kada ki zauna gaban ekran har idonki ya koma irin nawa. Ki riƙe salla, ki gaida mai gidan da za ki sauka, ki zauna lafiya da abokan aikinki. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya tsare mutuncinki da lafiyarki, ya raba ki da mugun ji da mugun gani. Allah ya sa a karɓi aikinki, ya amfani wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Allah ya sa na'urorin Cake su riƙa tashi lafiya kullum ba tare da ke ba. Mu kuma ya ba mu haƙurin rashinki, ya sada fuskokinmu da alheri. Allah ya yi miki albarka, Uwani. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Isuhu